Muhawara: Shin "home" da "house" duk gida ne?

Malamar Turanci, Zariya:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina koyar da Turanci a aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma jiya wata ɗaliba ta yi mini tambayar da na kwana ina juya ta a raina. Na ba su jimloli su cike gurbi, ɗaya daga ciki ita ce "After school I go", sai yarinyar ta cike da "house", ni kuma na soke mata na rubuta "home". Da aka tashi ta biyo ni har ƙofar ofis da littafinta a buɗe, ta ce, "Malama, ba ke kika ce mana duka biyun gida suke nufi ba? To me ya sa nawa ya zama kuskure?" Na ce mata "house" gini ne, "home" kuwa wurin da mutum yake zaune da iyalinsa. Ta ce to, ta tafi, amma na ga a fuskarta cewa ladabi ne ya sa ta yi shiru, ba gamsuwa ba. Ni kaina ban gamsu ba, domin a wurin yarinyar ginin da mutanen cikinsa ba su taɓa rabuwa ba balle ta nemi kalma biyu. Ina roƙon masana su taimaka mini da bayanin da yaro ɗan shekara 12 zai riƙe.

Tsohon Hedimasta, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, domin ɗalibin da ya biyo malami da tambaya shi ne ɗalibi. Ina ganin a fara da nahawu kafin a shiga ma'ana, saboda kuskurenta na nahawu ne. A wannan jimla "home" ba a matsayin suna take ba, a matsayin bayanau take, wato tana nuna inda aka nufa, shi ya sa ba ta buƙatar "to" a gabanta. Ana cewa "go home", "come home", "get home", amma ba a cewa "go to home". Ita kuwa "house" suna ce tsantsa, dole a yi mata rakiya, a ce "go to my house" ko "go to the house". Ki lura da inda yaranmu suke tuntuɓe. A Hausa muna cewa na tafi gida, na tafi kasuwa, na tafi makaranta, duk ba tare da "zuwa" ba, to sai yaro ya ɗauka Turanci ma haka yake, alhali kalmomi ƙalilan ne suke da wannan gata a can, kuma "home" ce babbarsu. Ga kuma Turancin buroka da suke ji a titi da finafinai, inda ake cewa "I dey go house". Idan zaman ake nufi ba tafiya ba, sai a ce "at home", ko da yake Amurkawa sukan yar da "at" ɗin su ce "stay home", kamar yadda muka yi ta ji lokacin kullen korona a 2020.

Game da ma'ana kuwa, zan faɗi ra'ayina ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. A nan Turanci ya fi mu tsari. Ya ware kalma ga bulo da kwano, ya ware wata ga zaman da ake yi a cikinsu, mu kuwa mun tara komai a kan "gida" har kalmar ta yi nauyi: gidan mai, gidan waya, gidan yari, gidan rediyo, gidan sauro, bayan gida. Kalmar da take ɗaukar kurkuku da ɗakin uwa a lokaci guda ba za ta iya bayyana abin da Bature yake ji ba idan ya ce "home".

Ɗalibin Kimiyyar Harshe, Kano:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Bayanin nahawun ya fita sarai, ba ni da abin ƙari. Amma a kan magana ta biyu ina neman afuwa, ban yarda ba. Yawan kalmomi ba shi ne ma'aunin abin da harshe yake iya bambancewa ba. Idan na haɗu da Baba na ce, "Yaya gida?", babu wanda zai ɗauka katanga nake tambaya ko rufin soro. Idan na ce a gaida gida, mutane nake aika wa gaisuwa. Idan kuwa mutanen suka watse ginin ya rage shi kaɗai, muna da sunansa, kango ne. Wanda ba a gama ba ma kango ne, ko mu ce gini. Ashe Bahaushe ya san bambancin sarai, sai dai shi daga ɓangaren mutane ya fara, ya ɗauki gida a matsayin wurin da ake zaune, sannan ya nemo wata kalma ga wanda babu kowa a ciki.

Asalin kalmar "home" ma yana goyon bayana. A tsohon Turanci "ham" ake cewa, da jan wasali, kuma tana nufin mazauni, ko ƙauye, ko gandun wani da mutanensa. 'Yar'uwarta a Jamusanci ita ce "Heim". Wannan "ham" ɗin ce ta rage a ƙarshen sunayen garuruwa da yawa na Ingila, irin su Birmingham da Nottingham, kuma masana sun fassara Birmingham da mazaunin mutanen wani da ake kira Beorma. To mene ne bambancin wannan da Gidan Madi a jihar Sakkwato, ko Gidan Rumji a jihar Maraɗi? Mutum ya sauka a wuri da iyalinsa da barorinsa, wuri ya bunƙasa ya zama gari, sunan ya bi shi. Tafarki ɗaya harsunan biyu suka bi. Sannan a lura cewa ko a Turancin rabon bai tsaya a kan gini da mutane ba, domin idan za su ambaci gidan sarauta "house" suke cewa, kamar "House of Windsor", inda mu za mu ce Gidan Dabo a Kano, kuma a nan zuriya ake nufi, babu maganar bulo ko kaɗan.

Hajiya, ma'aikaciyar asibiti mai ritaya, Gusau:
Ɗana mai karatun harshe ya yi magana mai kyau, amma ya bar wurin da mu mata muka fi sani. Ku tambayi kowace matar aure Bahaushiya ina ne gida. Na shekara 34 a ɗakina, a nan na haifi 'ya'yana duka, a nan na aurar da su, amma har yau idan na ce zan je gida, maigidan ya san gidan mahaifina nake nufi, ko da yake mahaifin nawa ya daɗe da rasuwa, ƙanena ne a ciki. Wancan shi ne gidanmu, wannan kuwa gidana ne, ko ɗakina. Amarya takan je ganin gida, mai haihuwar fari takan tafi wankan gida, wadda aka ɓata wa rai takan yi yaji ta tafi gida. Duk wurin guda ake nufi, kuma ba inda take kwana kullum ba ne.

Wannan ya sha ba mu wahala a wurin aiki. Katin marasa lafiya yana da gurbin da aka rubuta "home address", kuma mu abin da muke so shi ne inda za a same ta idan an buƙaci bibiya. Ba na mantawa da wata yarinya da ta zo awon ciki, na tambaye ta, "Ina ne gidanku?", ta faɗi wani ƙauye mai nisan gaske, na rubuta. Da ta daina zuwa, ga shi jininta ya hau, muka rasa inda za mu neme ta, ashe mijinta yana haya a bayan asibitin, tafiyar minti biyar a ƙasa. Laifina ne, ni na yi tambayar ba daidai ba. Tun daga ranar na koma cewa, "A wace unguwa kike aure?" Takardun gwamnati ma sun san da wannan matsala, shi ya sa za ku ga "residential address" daban, "permanent home address" daban, ga kuma "home town". Na farkon inda kake kwana, na biyun inda ba za a rasa wanda ya san ka ba.

Malamar Turanci, Zariya:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wannan bambanci na gidanmu da gidana kullum ina furta shi amma ban taɓa kallonsa a matsayin darasi ba.

Malamin Makaranta, Damagaram:
Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Mu da muka yi boko da Faransanci muna koyon Turanci a matsayin harshe na uku ko na huɗu, kuma wannan kalma tana ba mu wahala ta wata fuskar, domin Faransanci ma ba shi da kalma guda da ta yi daidai da ita. Akwai "maison" ga gini, akwai "domicile" ga takardun hukuma, akwai "chez moi" wato wurina, akwai kuma "foyer", wadda asalinta murhu ne, wurin hura wuta, daga nan ta koma nufin iyali. Wannan ta ƙarshen ta fi kwanta mini, saboda a ƙauyukanmu ma idan ana son sanin ko 'yan'uwa sun raba gandu, tukunya ake tambaya, ɗaya ce ko an raba. Don haka ina ganin ba daidai ba ne a ce Hausa ta gaza, tun da Faransanci da ake kambamawa shi ma sai ya yi kewaye.

Larabci kuma yana da nasa rabon. "Baiti" daga kwana ne, "manzili" daga sauka, kamar masaukinmu, "maskani" kuwa daga natsuwa, sannan ga "waɗan" ga ƙasar haihuwa. A aya ta 80 ta Suratun Nahli an haɗa biyu daga cikin waɗannan saiwoyi, inda aka ce Allah ya sanya muku wurin natsuwa daga gidajenku. Idan ɗalibina ya yi karatun allo da na littattafai, ta nan nake shigar masa, in ce "house" shi ne baitin, "home" kuwa natsuwar da aka sanya a cikinsa. Yawanci a take suke ganewa.

Mai Aikin Kula da Tsofaffi, Birmingham:
Na daɗe ina karatu a wannan zaure ban taɓa rubutu ba, amma yau dole in yi magana, domin a garin da ɗan'uwa ya ambata nake zaune, kuma wurin aikina sunansa "home". A nan idan aka ce "care home" ko "nursing home" ana nufin gidan da ake ajiye tsofaffi da marasa ƙarfi a kula da su da kuɗi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne 'yan ƙananan kalmomi suna juya ma'anar gaba ɗaya. Idan aka ce wance tana "at home", tana gidanta ke nan cikin kayanta. Idan aka ce tana "in a home", to an kai ta irin wurinmu. Tsofaffin ƙasar nan suna tsoron wannan jimla ƙwarai, za ka ji uwa tana roƙon 'ya'yanta kada su saka ta "in a home".

Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, ta haura shekara 90, tana da ciwon mantuwa. Kullum da la'asar sakaliya, idan haske ya fara raguwa, sai ta sa rigar sanyinta, ta ɓalle maɓallai har wuya, ta rataya jakarta a hannu, ta je ta tsaya a bakin ƙofar da ba ta buɗuwa sai da lamba, ta ce, "I want to go home." Da farko nakan ce mata ai nan ne "home" ɗinki yanzu, sai ta fashe da kuka. Wata tsohuwar ma'aikaciya ta ja ni gefe ta ce in daina, in riƙa tambayarta yadda gidan yake. Da na tambaye ta, sai ta kwatanta mini wani ɗan gida mai matakala ƙunci, mahaifiyarta tana gasa burodi, ƙanenta yana shigowa da gawayi. 'Yarta ta gaya mini cewa ba gidan aurenta ba ne, wanda ta shekara fiye da hamsin a ciki, gidan ƙuruciyarta ne, kuma an rushe layin gaba ɗaya tun da daɗewa. Da na karanta abin da Hajiya ta rubuta a kan gidanmu da gidana sai jikina ya yi sanyi, domin abin da tsohuwar nan take nema ke nan, gidansu. Ita harshenta bai ba ta yadda za ta raba su ba, kalma ɗaya take da ita. Yanzu idan ta tsaya a ƙofa nakan riƙe hannunta in ce mu sha shayi tukuna kafin mu tafi, ta ba ni labarin matakalar, har duhu ya yi ta cire rigar da kanta.

Saboda haka, Baba Hedimasta, da girmamawa nake cewa "home" ma ta ɗauki kaya masu nauyi irin na gidan yarinmu. Akwai "children's home" na marayu, akwai "remand home" na yaran da suka yi laifi, irin wanda muke da shi a Najeriya, a Amurka har wurin shirya gawa "funeral home" suke ce masa. An zaɓi kalmar ne don a tausasa abin da ba shi da taushi.

Tsohon Hedimasta, Katsina:
'Yata, Allah ya ba ki ladan wannan aiki, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Na karɓi gyara a kan wannan. Amma ban sauka gaba ɗaya ba, zan dawo.

Ɗan Jarida, Kaduna:
Ni ta ɓangaren fassarar labarai zan shigo, domin a can kalmar takan fita daga gida ta koma ƙasa. Sabon mai fassara ya taɓa kawo mini labari ya rubuta "sakataren gida na Birtaniya", kamar wani mai kula da cefane. "Home Secretary" shi ne ministan harkokin cikin gida, ma'aikatarsa kuma "Home Office", wadda aka kafa tun 1782, ita ce take riƙe da 'yan sanda da shige da fice da biza, kuma duk wanda ya nemi izinin zama a can ya san sunanta. Idan aka rubuta kalmomin biyu da ƙananan baƙaƙe kuwa, ɗakin da mutum ya ware a gidansa don aiki ake nufi. Indiya da Afirka ta Kudu su ma "Home Affairs" suke cewa. Abin sha'awa shi ne Hausa ba ta sha wahala a nan ba ko kaɗan, muna da cikin gida, muna da gida da waje, sun zauna daram.

Wadda take buƙatar hattara ita ce "homeland". Amurka ta kafa ma'aikatar "Homeland Security" a 2002 bayan harin 11 ga Satumba 2001, mukan ce ma'aikatar tsaron cikin gida. Amma a Afirka ta Kudu kalmar tana da ɗaci. Gwamnatin wariyar launin fata ta yanka yankuna 10 ta kira su "homelands", ta ce nan ne asalin baƙaƙen fata, ta kwashe mutane daga inda aka haife su ta zuba a can, har ta ba huɗu daga ciki 'yancin da babu wata ƙasar waje da ta amince da shi, farawa da Transkei a 1976, kafin a rushe tsarin a 1994. Haka kuma sanarwar Balfour da gwamnatin Birtaniya ta fitar a 1917 ba ta ce ƙasa ko daula ba, cewa ta yi "national home" ga Yahudawa a Falasɗinu, kuma an daɗe ana jayayya a kan iyakar abin da waɗannan kalmomi biyu suka yi alkawari. Duk mai fassarar da ya ga "home" a bakin hukuma ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa wane ne yake yanke wa wani inda gidansa yake.

Mazaunin Zango, Kumasi:
Maganar ɗan jarida ta taɓa ni. Kakannina fataucin goro ya kawo su Gwanja, suka zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 aka watsu, namu suka gangaro Kumasi. Har yau unguwarmu zango ake ce mata, wato wurin da ayari ya yada kaya kafin ya wuce, alhali mun haura shekara ɗari a nan. A 1969 gwamnatin Gana ta Firaminista Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasar, aka ce su tafi "home". Mahaifina ya ba ni labarin maƙwabtansu da aka loda a mota zuwa Najeriya, waɗansunsu ba su taɓa taka ta ba, ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. A 1983 Najeriya ma ta kori mutanen Gana masu ɗimbin yawa. Don haka ina so Malama ta gaya wa ɗalibanta cewa "go home" ba kullum take da daɗi ba. Daga bakin uwa kira ne, daga bakin wanda ba ya son ganinka kora ce, kuma 'yan'uwanmu da suke Turai sun san haka. A ɗaya gefen, a 2019 Gana ta yi shekarar komowa, ta gayyaci jikokin bayin da aka kai Amurka, ana tarbarsu da "welcome home" a ƙasar da ba su taɓa gani ba. Ni idan na ce "back home" a gaban abokan aikina sukan tambaye ni wanne, kuma amsata ita ce Kumasi, ko da yake tsofaffinmu idan suka ce gida har suka rasu Kano suke nufi.

Mai Fassara a Aikin Agaji, Maiduguri:
Abin da ɗan'uwa na Kumasi ya faɗa shi muke fama da shi kullum. Takardun aikinmu suna da kalmomi uku da dole a raba: "shelter", wato matsuguni ko rumfar da za ta kare mutum daga rana da ruwa, "household", wato waɗanda suke ci daga tukunya ɗaya, sai kuma "home". Idan na fassara dukansu da gida, lissafin rabon abinci ya lalace, domin gida ɗaya na Bahaushe ko Babarbare yana iya ƙunsar magidanta biyar. A nan kam ina tare da Baba Hedimasta, akwai wurin da faɗin kalmarmu yake zama matsala. Tun daga 2021 da aka fara rufe sansanonin 'yan gudun hijira na cikin Maiduguri, kalmar "return home" ta cika takardu. Amma sau da yawa mutum hedikwatar ƙaramar hukumarsa ake kai shi, a ba shi sabon gini, ƙauyensa kuwa yana can daji ba ya shiguwa. Wani dattijo ya ce mini, "An ba ni ɗaki, ba a mayar da ni gida ba." Ban taɓa jin wanda ya raba "house" da "home" da Hausa kamar wannan bawan Allah ba, kuma bai san Turanci ko kalma ɗaya ba.

Matashi Mai Son Ƙwallo, Kano:
Iyayena da yayyena, a yi mini izini in kawo mai sauƙi, wadda yara suka riga suka sani. A ƙwallo "home" da "away" su ne wasan gida da wasan waje. Idan Kano Pillars tana wasa a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, tana gida ke nan, ko da yake babu ɗan wasan da yake kwana a filin, kuma babu mai cewa "house match". Idan baƙi suka yi nasara mukan ce an bi su har gida an doke su. Har 2021 ƙwallon da aka ci a waje tana da fifiko a gasannin Turai idan aka yi kunnen doki, kafin a soke dokar. 'Yan wasan da suke buga gasar cikin ƙasa kuma "home-based" ake ce musu. A waya ma alamar ɗan gidan nan da take mayar da mutum shafin farko "home" ce. Ina ganin idan Malama ta fara da waɗannan, yara za su gane cewa kalmar tana nufin wurin da kake komawa, inda kake da iko da magoya baya.

Tsohon Hedimasta, Katsina:
Na ce zan dawo. Na yarda cewa na yi gaggawa da na ce Turanci ya fi mu, maganar dattijon Maiduguri ta ishe ni hujja. Amma malami a aji ba falsafa yake koyarwa ba, jarrabawa yake shirya yara, kuma akwai wuraren da dogaro da "gida" zai kayar da su. "Homework" shi ne jingar da malami ya bayar, "housework" kuwa shara da wanke-wanke, mu duka aikin gida muke cewa. "Homeless" shi ne wanda ba shi da wurin kwana, ba wanda ba shi da gidan kansa ba, domin ɗan haya yana da "home" ko da bai mallaki "house" ba. "Homesick" ba ciwo ba ne, kewar gida ce, irin wadda take kama ɗan aji ɗaya a makarantar kwana. "Homemade" abin da aka yi a gida ne ba na kanti ba. Sai "homely", wadda nake gargaɗi a kanta: a Ingila yabo ne ga wuri mai daɗin zama, a Amurka kuwa idan aka faɗa wa mace ana nufin ba ta da kyau.

Akwai kuma waɗanda mu 'yan Najeriya muka ba su tamu ma'anar. "Home training" a bakinmu tarbiyya ce. "Home video" a wurinmu finafinan Kano da na Legas ne, alhali a Amurka hoton biki ko na yara ne da iyali suka ɗauka da kansu. A sanarwar rasuwa ta 'yan'uwanmu Kirista za ka ga "home call", wanda bai yi nisa da namu ba idan muka ce wane ya koma gidan gaskiya. Idan baƙo ya zo suka ce "make yourself at home", mu cewa muke yi ka saki jiki, nan ma gida ne. Karin maganarsu da take cewa alheri daga gida yake farawa kuwa, mu tuni muka ce idan gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ina ba da shawara a koya wa yara waɗannan ɗaya bayan ɗaya a cikin jimla, kada a ba su doka guda a ce ta wadatar.

Ɗalibin Kimiyyar Harshe, Kano:
Na gode, Baba, a kan wannan babu saɓani tsakaninmu. Ƙari ɗaya kawai: dillalan gidaje a Amurka da Ingila sukan rubuta "homes for sale" a kan ginin da ba a taɓa kwana a cikinsa ba, domin sun san kalmar ta fi jan zuciyar mai saye. Idan ɗalibi ya ci karo da wannan kada ya ɗauka an koya masa ƙarya.

Malamar Turanci, Zariya:
Na dawo da rahoto, kuma ina godiya ga kowa. Yau na shiga ajin ban fara da Turanci ba. Na rubuta jimloli biyu a allo, "Babana ya gina gida" da "Na ƙosa in koma gida", na tambaye su ko gidan farko da na biyu abu ɗaya ne. Suka yi ta gardama har wani yaro ya ce na farkon ana iya sayar da shi, na biyun ba a iyawa. Daga nan na ba su "house" da "home", na bi da bayanin Baba a kan "to", na kawo misalin ƙwallo, wanda shi ya fi tayar da 'yan bayan aji. Sannan na ce kowa ya rubuta jimla biyu, ɗaya da kowace kalma.

Yarinyar da ta jawo wannan magana ta rubuta cewa "house" ɗinsu yana Tudun Wada, "home" ɗinsu kuma yana wani ƙauye a Zamfara. Ban san daga can suke ba sai yau. Na tambaye ta yaushe rabonta da garin, ta ce tun tana aji uku na firamare suka taso da dare, ba su sake komawa ba. Na ba ta maki cikakke a jimlolin biyu. Wancan na jiya kuwa na bar shi a soke, domin "I go house" har yanzu kuskure ne, kuma ta ce yanzu ta ga dalili. Gobe in Allah ya kai mu za mu yi "at home" da "in the house". Baba Hedimasta, idan akwai misalan da ka saba bayarwa a kan wannan, ina jira kafin ƙarfe takwas na safe.